KAINUWA DASHEN ALLAH: KO YA HALATTA A CIRE TA?

Duk wanda ya san ƙasar Daura ya san darajar ruwa. Damina gajeriya ce, rani kuwa dogo. Daga Daura zuwa Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, tabki ko kududdufin bayan gari dukiya ne babba. A nan dabbobi suke sha, a nan ake kwaɓa ƙasar gini, masu lambu kuma su ɗebi na ban ruwa. Amma sau da yawa sai a wayi gari a ga kainuwa ta rufe fuskar ruwa ƙaf, ko kuwa kacalla ta tsaya a gefe kamar dakaru. To, me ya kamata mutum ya yi? Tambayar tana da kamar sauƙi, amma akwai tambaya biyu cikinta. Ta fari, ko muna da ikon cire abin da ba mu dasa ba? Ta biyu, in muna da iko, ina iyakarsa?

Mu fara da ta fari. Kakanninmu sun yi wa wannan ciyawa kirari, suka ce, kainuwa dashen Allah, gama tana yawo bisa ruwa, saiwarta ba ta kama ƙasa ba, ba kuwa wanda ya shuka ta. Wani zai ce, tun da haka ne, a bar ta. Amma mai wannan magana ya manta kifi ma na Allah ne, kwaɗo kuma, da yaron da ake aike ɗiban ruwa. Sa'ad da kainuwa ta rufe tabki, hasken rana ba ya shiga, tsiron ƙarƙashin ruwa ya mutu, iskar da kifi yake shaƙa cikin ruwa ta ragu. Akwai wani irin sauro wanda 'ya'yansa suke manne wa saiwar kainuwa. Ƙananan katantanwa masu ɗauke da ciwon tsargiya kuma suna son zama cikin ciyawar ruwa. Ashe wanda ya naɗe hannu ya ce ba ruwansa, shi ma ya yanke shari'a. Ya ba ciyawa gaskiya, ya kā da kifi da yara.

Har wa yau, ba kullum ne yawan ciyawar yake zuwa haka kawai ba. Ku dubi abin da ya faru gabas da mu, a fadamun Haɗejiya da Nguru. Dā ruwa yakan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, kacalla ba ta samun wurin yin ƙarfi. Aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Madatsun nan sun kawo amfani, amma sun sāke tafiyar kogi, har waɗansu wurare suka zauna cikin ruwa rani da damina. Abin da kacalla take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, tsuntsayen jan baki kuma suka sami mafaka cikinta, suna fitowa su far wa shinkafa da gero. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka yake a ƙaramin kududdufi: kashin dabbobi, da ruwan wanki, da takin zamani da ruwan sama yake kwasowa daga gona, su ne abincin kainuwa. Abin da hannunmu ya ɓata, wajibi ne hannunmu ya gyara. Saboda haka amsar tambaya ta fari ita ce, i, ya halatta, har ma ya zama tilas.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Akwai hanya mai sauri, kowa ya san ta: a sayo maganin kashe ciyawa a fesa, cikin kwanaki kaɗan ta yi ja ta nutse. Mutum ya koma gida yana murna. Amma ina ciyawar ta tafi? Tana ƙarƙashin ruwa tana ruɓa, ruɓarta kuwa tana shanye iskar da ta rage. Ba a jima ba sai a ga karfasa tana yawo ciki sama, ko da dafin bai taɓa ta ba. Gobe kuma shanu za su sha ruwan nan, mata su yi wanki da shi. Garin neman gira an rasa ido.

Wani zai ce, “Ina ruwana da kwaɗo? Ni ruwa nake so.” To, bari mu ƙidaya mazauna tabkin. Akwai tarwaɗa da karfasa. Akwai gaiwa, wadda takan shige cikin laka ta kwanta dukan rani tana jiran ruwan fari. Akwai kififiya, da kwaɗo mai cin ƙwari, da mazari wanda 'ya'yansa suke girma cikin ruwa suna cin 'ya'yan sauro. Akwai zalɓe da belbela da kirinjijiya, da waɗansu tsuntsaye da suke ƙetare hamada daga Turai kowace shekara su yi hunturu a ruwayen ƙasarmu. Kowane ɗayansu yana riƙe da aikin da ba mu biya shi ba. Ranar da ya tafi, ran nan za mu san tsadarsa.

Mutanen ƙasar Sin sun koyi wannan da hawaye. A 1958 hukumarsu ta ba da umarni a kashe gwara, wai tana cin hatsi. Aka kashe ba iyaka. Sai fara da sauran ƙwari, waɗanda gwara take ci, suka yi yawa, suka ƙara tsananin yunwar da ta hallaka mutane miliyoyi tsakanin 1959 da 1961. A 1960 aka janye umarnin, bayan ɓarna ta riga ta auku. Nufinsu shi ne ceton hatsi. Abin da suka rasa shi ne sanin zaren da ya ɗaure halitta da halitta.

Amma kada mu tsaya ga amfani kaɗai, kamar dai abin da ba ya yi mana aiki ba shi da hakki. A ce akwai wani ɗan ƙwaro cikin tabki wanda ba ya ƙara mu da kome. Ko wannan ya ba mu izinin hallaka shi a banza? Akwai bambanci tsakanin mai yanka tunkiya domin iyalinsa su ci da mai zuba dafi a ruwa domin yana ƙyuyar shiga laka. Na fari bukata ce ta sa shi, na biyu gaggawa da rashin kula. Mu masu riƙon amana ne a duniya. Makiyayin da aka ba garke yana da ikon tatsa, ba shi da ikon watsarwa.

Masu karatu sun san misalin alkama da zawan cikin Matiyu sura 13, inda mai gona ya hana bayinsa gaggawar cirewa domin kada su tumɓuke mai kyau tare da mugu. Misalin yana magana a kan shari'ar mutane ne, tabki kuwa ba zai iya jira har kaka ba. Duk da haka hankalin manomi da ke cikinsa ya shafe mu: mai gyara yakan yi ɓarna in idonsa yana kan abin da yake ƙi kaɗai.

Labarin garin Daura kansa ya nuna hanya. An ce maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba a samun ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Ku lura, maciji ya kashe. Bai zuba dafi a rijiya ba, bai kuwa cike ta da ƙasa ba. Rijiyar tana nan har yau.

To, yaya za a yi? Ga abin da masu sani suka gwada suka ga amfaninsa.

A kwashe kainuwa da hannu, da manjagara ko taru, a jawo ta bakin ruwa. Kada a kwashe duka rana ɗaya. A ɗauki kashi ɗaya cikin uku, a dakata, domin mazauna su sami inda za su koma. Abin da aka fitar a bar shi daf da ruwa kwana ɗaya ko biyu, ƙananan halittun da suka maƙale su rarrafa su koma. Sa'an nan a kai shi nesa ya bushe, ya zama taki, kada ruwan sama ya maido shi.

Kacalla kuwa a yanke ta ƙarƙashin fuskar ruwa, gama ta cikin ganyenta iska take sauka zuwa saiwa. In ruwa ya rufe kututturen, saiwar takan shaƙe. A yi aikin bayan damina, lokacin da kifi ya gama ƙwai, a kuma duba sheƙar tsuntsu kafin a sa lauje. A bar ɗan yanki a gefe ɗaya domin mafaka. Ganyen ba na zubarwa ba ne, ana jinka da tabarma da shi. A kwarin kogin Sanagal, inda kacalla ta yaɗu bayan gina madatsar Diyama a 1986, har gawayin girki ake yi da ita. Masu shiga ruwa su sa dogon takalmin roba saboda tsargiya, a hana yara shiga. Daga ƙarshe a tare ƙazantar da take gangarowa, in ba haka ba baɗi ma aikin yana nan.

Gaskiya ne, wannan hanya tana cin lokaci da gumi, ba ta kuwa yiwuwa ga mutum ɗaya. Sai unguwa ta yi gayya, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi, tun da ruwa ɗaya suke sha. Nan ne mutum yake nuna halinsa, gama ba mai tambayarsa lissafin kwaɗi, su kuma ba su da bakin kai ƙara wurin alkali. Wanda ya saba yin sannu da marasa baki, ba zai yi wuya ya yi sannu da maƙwabcinsa ba ranar da za a tsauta masa. Mu cire ciyawa, 'yan'uwa, amma mu bar tabkin da rai.