Wa Aka Manta Ranar Rabo?

Ya kai mai karatu, ka tuna shekara ta 2019? A shekarar nan 'yan bindiga suka tasar wa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina. Dubban mutane suka tsallako iyaka zuwa ƙasar Gidan Rumji, yawancinsu mata da yara, ba tabarma, ba tukunya. Kafin motar agaji ta iso, talakawa ne suka buɗe musu ɗaki da rumbu. Daga baya gwamnati da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka rubuta sunayensu, suka kai waɗansu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka.

Don me ake rubuta suna? Domin tausayi in ba tsari yakan bar wani da yunwa. Mu ma a nan Zariya ta Maraɗi mun taɓa tara gero don baƙi. Masu baki suka karɓa har sau biyu. Wata gwauruwa tana bayan zana, kunya ta hana ta fitowa. Ba mu sani ba sai da ɗanta ya kwanta. Laifinmu ne, mu dattawa.

Buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. A Urushalima ma an yi gunaguni, don ana tsallake waɗansu gwauraye a rabon abinci. Manzanni ba su tsauta wa masu kuka ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka danƙa musu aikin.

Haka za mu yi. In ikkilisiyarku za ta yi tarbace, ko a Tsibiri, ko a Jiratawa, ku zaɓi amintattu, maza da mata. Su bi gida gida su rubuta. Su tambayi mai gari da ma'aikatan agaji wa ya samu, wa bai samu ba. Tiya ɗaya za a auna wa kowa, Kirista ko Musulmi. Kada kuma a manta da maigidan da ya sauki baƙi, gama rumbunsa ne ya fara ƙarewa.

Ka tuna, Ubangijinmu Yesu yana jariri aka gudu da shi Masar da dare. Shi ma ya kwana a ƙasar baƙunci.

To, wa ke bayan zana a garinku? Tashi ka nemo shi yau. Allah ya ba mu ido mai gani. Amin.