Hukuncin Jinyar Mai Rauni a Ƙwaƙwalwa da Taimakon Dabbobi

Tambaya

Wani matashi a Maikunkele, hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso a jihar Neja, ya faɗo daga kan babur a hanyar Zungeru, ya bugu a ka. An sallame shi daga asibiti a Minna, amma har yanzu maganarsa ba ta fita sosai, ga mantuwa da saurin fushi, kuma ya ƙaurace wa mutane. Likitan motsa gaɓoɓi ya ba da shawarar a riƙa haɗa shi da wata dabba yana kula da ita. Shin wannan ya halatta? Idan kare ne fa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Wannan jinya halal ce, domin asali a neman magani shi ne halacci. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. A Suratun Nahli, aya ta 5 zuwa ta 8, Allah ya lissafa amfanin dabbobi ga ɗan Adam, har da ƙawar da ake gani a tare da su yayin fita kiwo da dawowa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito yadda Annabi (SAW) yake tambayar yaron nan Abu Umairu labarin ɗan tsuntsunsa, malamai suka ciro daga nan halaccin ajiye tsuntsu don ɗebe kewa.

Ta fuskar likitanci, bugun ƙwaƙwalwa yakan taɓa magana, tunani, daidaiton tafiya da hali. Ciyar da dabba da shafa ta suna motsa hannu, kiranta yana sa harshe ya yi aiki, lokutan ba ta abinci kuma suna tsara wa mai mantuwa yininsa. A wani bincike da aka buga a 2019 kan majinyata 19 a asibitin REHAB da ke Basel a Suwizalan, an ga sun fi yin magana da sakin jiki idan akwai dabba a wurin jinyar. Hawan doki don jinya ya yaɗu a Turai bayan Lis Hartel 'yar Denmak, wadda shan inna ta kama, ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta 1952.

Dabbobin gida su ne mafi sauƙi. Akuya, tunkiya, kaza da tattabara ba su da wani saɓani, kuma a mazhabar Malikiyya fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, matuƙar ba najasa take ci ba. Kyanwa ma jikinta da yawunta tsarkakakku ne, kamar yadda hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa ya nuna, sai dai fitsarinta najasa ne. Haka doki: guminsa da yawunsa ba sa ɓata tufafi, amma ana wanke fitsarinsa kafin salla.

Kare ne ke buƙatar bayani. Malikiyya suna ganin duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne mai nauyi, sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Game da ajiye shi, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, in ban da karen farauta, kiwo ko gona. Ibnu Abdil Barri ya bayyana cewa sauran buƙatu na gaskiya suna shiga cikin wannan rangwame, kuma an ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare don gadin gidansa. Saboda haka idan likita amintacce ya tabbatar da buƙatar horarren kare, kuma wata dabba ba za ta wadatar ba, ajiye shi ya halatta. A keɓe masa wuri a tsakar gida, nesa da ɗakin kwana da wurin salla, saboda hadisin rashin shigar mala'iku gidan da ke da kare, wanda Khaɗɗabi ya togace karen da aka yi izininsa daga ciki, Nawawi kuwa ya bar shi a kan gamewarsa. Idan akuya ko kyanwa za ta biya buƙata, to babu uzurin kawo kare.

Halaccin yana da sharuɗɗa. Na farko, a ƙudurce cewa waraka ta Allah ce, dabba sababi ce kawai. Duk abin da ya shafi mayar da cuta jikin dabba ko yanka ta don iskoki shirka ne. Na biyu, kada a bar magani da zuwa asibiti saboda ita. Na uku, a kauce wa cutarwa: a yi wa kare da kyanwa allurar rigakafin haukan kare wurin likitan dabbobi, a wanke hannu bayan taɓa su, kuma kada a ɗora majinyaci kan doki sai da izinin likita, da hular kwano da mai riƙe linzami, domin bugun kai yakan bar farfaɗiya. Na huɗu, a kiyaye haƙƙin dabbar wajen ci da sha da hutu, domin ya zo a hadisi cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa. Idan fushin majinyacin ya tashi, a raba su.

Kula da dabbar ba ta sauke wa dangi da maƙwabta haƙƙin gaishe da majinyacin da zama da shi, domin manufar jinyar ita ce ya dawo cikin jama'a. Allah ne mafi sani.