Kai Gishirin Zuwa Maɓuɓɓuga

Karatu: 2 Sarakuna 2:19-22

Ka karanta ayoyin nan huɗu a hankali kafin ka ci gaba. Ba a daɗe da ɗauke Iliya zuwa sama ba, Elisha yana zaune a Yariko, sai mutanen garin suka kawo masa kukansu. Garinsu yana wuri mai kyau, duk baƙon da ya zo zai yaba. Amma ruwan da suke sha mugun ruwa ne, ƙasar kuma ta ƙi ba da amfani. Daga bakin annabin muka ji cewa ruwan nan yana jawo mutuwa da ɓari.

Ka lura da abin da bawan Allah ya yi. Yana da shafewar da zai iya bin gida gida yana ɗibiya wa marasa lafiya hannu. Da ya yi haka, da washegari sun koma sun ɗebo ruwan nan sun sha. Sai ya ce a kawo masa sabuwar tasa da gishiri a ciki, ya taka da ƙafarsa har inda ruwan yake ɓuɓɓugowa, ya zuba gishirin a can, ya kuma furta cewa Ubangiji ya warkar da ruwan. Ikon na Ubangiji ne, gishiri ba ya ta da matattu. Amma Ubangiji ya aiki bawansa zuwa tushen cutar.

Bari in ba ka labarin wani Yariko na zamaninmu. A farkon shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagi suka fara mutuwa a ƙauyuka. Ba wanda ya damu sosai. Daga baya sai yara suka shiga ciwo: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, sai mutuwa. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Da aka gwada jinin yaran da ƙasar gidajensu, sai aka tarar gubar dalma ce.

Daga ina ta fito? Daga cikin gida. Kuɗin zinariya ya hau, talakawa manoma suka koma haƙa. Duwatsun da ake haƙowa suna da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gari, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda jariri yake rarrafe, ta sauka a kan kwanon abinci da bakin rijiya. Yaro kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa, baki zai kai. Fiye da yara 400 suka mutu, yawancinsu ba su kai shekara biyar ba. A wasu ƙauyuka biyu da aka bincika, kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Waɗanda suka rayu, da yawa dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, irin taɓawar da ba ta gyaruwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Kada ka yi saurin zargin iyayen nan. Abinci suke nema wa 'ya'yansu, kamar yadda kake nema wa naka. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci a cikin ƙura, ba su san abin da suke shigowa da shi ba.

Ga abin da nake so ka riƙe. Akwai maganin da yake janye dalma daga jinin yaro, likitoci kuma sun zo da shi. Amma sun ce ba amfani a ba yaro magani sa'an nan a mayar da shi gidan da gubar take, domin zai sake haɗiyarta. Dole sai an fara kankare ƙasar tsakar gida, a kwashe ta, a binne nesa, a zubo sabuwar ƙasa mai tsabta. A garin Bagega aikin nan ya jira kuɗi har zuwa 2013, yara suna jira da guba a jininsu. Sai da aka gyara ƙasa aka iya yi musu magani. Likitocin nan, ko sun sani ko ba su sani ba, sawun Elisha suka bi.

Mu masu bi mun ba da gaskiya ga warkarwa. Mun ga Ubangiji Yesu yana ta da waɗanda asibiti ya sallama, ba za mu kuwa daina addu'a da azumi ba. Amma ina da wata damuwa, zan faɗe ta a fili. Idan yaro ya yi ta tari ba ya jin magani, sau da yawa hankalinmu yakan tafi kan maƙiya da mayu, har a fara kallon wata tsohuwa a unguwa da mugun ido. Mukan kwana muna tsauta wa ruhun ciwo, da gari ya waye mu hura gawayi da leda a ƙofar ɗakin da yaron yake kwance. Shaiɗan ɓarawo ne kuma mai kisa, haka Ubangijinmu ya nuna mana. Wani lokaci kuwa ba ya bukatar tsafi, sakacinmu ya ishe shi aiki.

Yau ka zaga gidanka da idon mai neman maɓuɓɓuga. Ina kake ajiye janareto? Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda hanci ba ya jin ta, ta kuma sha kashe iyali gaba ɗaya suna barci, domin an shigar da shi cikin gida saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Ke 'yar'uwa, tozalin da kike sa wa jariri, kin san daga wane dutse aka niƙo shi? Irin na dutse mai ƙyalli, dalma ce a cikinsa. Kai manomi, galan ɗin maganin feshi da ya ƙare, har yanzu ana ɗiban ruwan sha da shi? Kai bakanike, baƙin mai da ruwan batir da kake tuttulawa a kwata, ƙasa tana shanye su, rijiyar maƙwabcinka kuma daga ƙasan nan take samun ruwa.

Leda kuwa, kunya ta kama mu duka. Bayan babban taron farkawa, je ka dubi filin majami'a: ledojin ruwa ko'ina, kamar an yi shuka. Mu share, mu tara, mu cinna wuta, hayaƙin ya shiga gidajen maƙwabta waɗanda muke addu'a su karɓi bishara. Wadda iska ta kwashe ta toshe magudanar ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna, sauro ya samu wurin haihuwa. Wadda ta rage akuya da saniya su haɗiye. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin dabba, zai gaya maka. Dabbobin nan ma halittar Allah ce. Ka tuna agwagin Zamfara, su suka fara faɗuwa kafin yara, gargaɗi ne da ba a karanta ba.

Wataƙila ka ce wannan aikin gwamnati ne, ba maganar ruhaniya ba ce. Gwamnati tana da nata alhakin, babba kuwa, kuma daidai ne ikkilisiya ta buɗe baki ta tuna mata. Amma buɗe Maimaitawar Shari'a sura 23. Allah mai tsarki da kansa ya umarci Isra'ilawa su keɓe wurin bayan gida a wajen zango, kowa ya riƙe abin tona rami ya rufe ƙazantarsa. Dalilin da ya bayar shi ne, yana tafiya a tsakiyar zangonsu. Idan Ubangiji ya kula da wannan a jeji, yaya zai ƙyale bolar da take bayan majami'armu? Tun a gonar Aidan aikin da ya ba Adamu shi ne ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe noman, kiyayewar ce muka sake.

Mutanen Yariko sun yi abu biyu. Sun faɗi gaskiya cewa ruwansu ya lalace, ba su ɓoye ba, sa'an nan da aka ce su kawo tasa da gishiri, suka kawo. Kafin ranar Lahadi, ka zaɓi abu ɗaya a gidanka ko wurin sana'arka ka gyara shi. Ka yi magana da shugaban matasa ko na zumuntar mata a kan kwatar da take gaban majami'a. In kana da ɗan'uwa mai haƙar ma'adinai, ka roƙe shi kada ya kawo dutsen gida, ya wanke jikinsa ya canja tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na ɓata ƙasarka, na kuma cuci maƙwabcina ban sani ba. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idona in ga maɓuɓɓugar cuta a gidana, ka ba ni ƙarfin gyarawa. Ka ta'azantar da iyayen da suka binne 'ya'yansu a Zamfara da Neja, ka taɓa yaran da har yanzu suke ɗauke da dalma a jikinsu. Ka warkar da ruwanmu kamar yadda ka warkar da na Yariko. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.