Yaron da Aka Kora, Wa Zai Amsa Laifinsa?

A shekara ta 1841 wani sabon Fada mai suna Yohanna Bosko ya soma ziyartar gidajen kurkuku na birnin Turin, a ƙasar Italiya. A can ya tarar da samari masu shekara 12 zuwa 18, lafiyayyu, masu kaifin hankali, an cunkushe su ba aiki ba koyarwa. Ya kuma lura cewa da yawansu ba sa daɗewa a waje bayan an sake su, gama babu mai karɓarsu.

Ranar 8 ga Disamba na wannan shekara, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, yana shirin miƙa Hadaya Mai Tsarki sai ya ji mai kula da ɗakin kayan sujada yana dukan wani yaro yana korarsa, don bai iya hidimar bagade ba. Yaron maraya ne, ɗan aikin gini, bai iya karatu ba. Fada Bosko ya sa aka komo da shi, ya kira shi abokinsa, ya fara koya masa katekisim. Daga nan aikinsa na renon matasa ya tsiro. Mu lura: a cikin gidan Allah ne aka kori yaron nan.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan yaron da aka ƙi ya zama ɓarawo ko ɗan daba, laifin na wane ne?

Mu dubi makarantunmu. Akwai yaron da ake kora gida a gaban 'yan ajinsu saboda kuɗin makaranta. Akwai wanda malami ya laƙaba wa suna daƙiƙi, ya tura shi bencin baya. Akwai wanda ake yi wa gori da ƙabilarsa, ko addininsa, ko don an haife shi ba a cikin aure ba. Akwai wanda ya ci jarrabawa, amma aka hana shi gurbi don ba shi da takardar shaidar zama ɗan asalin wurin, alhali a nan aka binne cibiyarsa. Sashe na 42 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko addini, ko yanayin haihuwa. Amma yaro ba ya karanta tsarin mulki, fuskokinmu yake karantawa.

Zuciyar yaro tana neman inda za a san da ita. In aji ya ƙi shi, tasha za ta karɓe shi. A can 'yan daba za su ba shi abinci da suna da kariya, wato abubuwan da muka hana shi, sa'an nan su miƙa masa ƙwaya da wuƙa. Wanda aka daɗe ana ce masa ba zai zama kome ba, ba ya ganin yana da mutuncin da zai zubar.

Wani zai ce: ai yara da yawa sun sha wulakanci, ba su yi sata ba. Gaskiya ne. Allah ya ba kowane mutum 'yancin zaɓi, kuma Ikkilisiya ba ta taɓa koyar da cewa talauci ko reni yana mai da sata halal ba. Wanda aka yi wa fashi yana da hakki. Amma Ikkilisiya tana kuma koyar da cewa muna da rabo cikin zunubin wani idan mun share masa hanya, ko muka ƙi hana shi alhali muna da iko. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta tsauta wa masu ba mai arziki wurin zama mai kyau su bar matalauci a tsaye, ta kira wannan zunubi. Majalisar Batikan ta Biyu ma, a 1965, ta bayyana cewa irin wannan wariya ta saɓa wa nufin Allah. Saboda haka yaron zai amsa nasa laifin, mu kuma za mu amsa namu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamai, ku yi magana da iyaye a kan bashin makaranta, kada ku kunyata yaro. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa, ku nemi yaran unguwarku da suka daina zuwa aji, ko na wane addini ne. Masu sana'a, ku ɗauki wanda ya fito daga gidan gyaran hali ku koya masa aiki. Kafin ranar tunawa da Waliyyi Yohanna Bosko, 31 ga Janairu, bari kowannenmu ya tuna da yaro guda da ya taɓa kora, ya je ya nemo shi.

Allah ya ba mu alherin yin haka. Amin.