Rigakafin Mura da Hukuncin Aiki da Zato

A watan Fabrairun kowace shekara, masanan Hukumar Lafiya ta Duniya kan zaɓi nau'o'in ƙwayar cutar mura da za a haɗa wa rigakafi domin hunturun arewacin duniya, a Satumba kuma su zaɓa wa kudanci. Haɗa allurar kan ci wajen wata shida, ƙwayar kuwa ba ta daina sauya kama. Shin ya halatta a ɗora lafiyar miliyoyin mutane a kan zato?

Ni ina ganin ya halatta, amma da sharaɗi. Malaman fiƙihu sun yarda a yi aiki da rinjayen zato idan yaƙini ya gagara: matafiyin da alƙibla ta ɓace masa zai duba alamomi ya yi sallarsa, sai dai ba a yarje masa ya ƙi dubawa ba. Darajar zato tana ga ƙoƙarin da aka yi kafin a kai gare shi, a sha'anin mura kuwa ɗakin gwaje-gwaje ne wurin wannan ƙoƙari. Tun shekarun 1940 ake dogaro da gwajin da George Hirst ya samar. Ƙwayar mura kan sa jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule, sai a zuba ruwan jinin feret, wata dabba mai siffar tunku wadda ta warke daga tsohon nau'i, a ga ko zai hana dunƙulewar. Daga wajen 2014, yawancin ƙwayoyin mura nau'in H3N2 suka daina dunƙule jinin yadda aka saba. Ga kuma matsalar ƙwan kaza, inda ƙwayar da ake rainonta a ciki domin haɗa allurar kan sauya har ta bambanta da wadda ke yawo cikin mutane. Wanda ya san ma'auninsa ya fara gaza masa, ya kuma ci gaba da awo da shi, ya fita daga ijtihadi ya shiga sakaci. Shi ya sa komawar da cibiyoyin binciken mura na Landan, Atlanta da Melbon suka yi ga gwajin da ke auna ko kariyar jiki na hana ƙwayar shiga tantanin halitta, tare da karanta tsarin gadonta, ta zama sauke amana.

Wani zai ce ai a hunturun 2014 zuwa 2015 zaton ya kuskure, ingancin allurar a Amurka bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Haka ne, kuma bai kamata a ɓoye wa jama'a wannan ba. Amma da awo aka gano kuskuren, da shi kuma aka sauya nau'in a shekarar da ta biyo. Jiran tabbas shi ma zaɓi ne, ga cutar da Hukumar ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara.