Idan Na'ura Ta Karɓe Aikin Lebura, Alhakinsa Na Wuyan Wa?

 

A 1961 ne kamfanin motoci na General Motors a Amurka ya fara aiki da wani hannun ƙarfe mai suna Unimate, wanda ke ɗauko ƙarafa masu zafi a madadin mutum. Yau kwamfuta ke tafiyar da irin waɗannan na'urori, suna walda da fenti dare da rana. A 2016 aka ba da labarin cewa kamfanin Foxconn ya maye gurbin ma'aikata 60,000 da na'urori a masana'antarsa ta Kunshan, ƙasar Sin.

To, na'ura ba ta da laifi. Allah Maɗaukaki Ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, Ya koya masa ƙirar sulke. Masaƙan Ingila da suka farfasa injuna a 1811 ma ba su hana su yaɗuwa ba. Abin tambaya shi ne magidancin da ya shekara ashirin yana walda, aka wayi gari hannunsa ba shi da kasuwa.

A babin ijara, in mai masana'anta ya biya lada cikakke, ya cika sharuɗɗan da aka ƙulla, ya fita. Amma fitarsa ba ta sauke nauyin daga kan jama'a ba. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali, domin ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yasar da shi da tsufa. Wanda na'ura ta kora ko tsufan bai yi ba.

A ganina, wajibi ne hukuma ta karɓi wani abu daga ribar da na'ura ta ƙara, ta koya wa korarru sabuwar sana'a, ta kuma ciyar da iyalinsu kafin su ƙware. Aya ta 7 a Suratul Hashri ta nuna ba a son dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Har attajirin nan Bill Gates ya ba da shawara a 2017 a ɗora wa irin waɗannan na'urori haraji, ko da yake masu masana'antu da yawa ba su yi na'am ba.