Tsammanin Warabbuka

"Tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka." Akan faɗi wannan karin magana ana murmushi, amma ni tausayin malamin nake ji, domin bai ɗauki kansa malalaci ba. A ganinsa dogaro ga Allah yake yi. Ita kanta kalmar warabbuka Larabci ce, ma'anarta "da Ubangijinka". Kuma ya san hukunci sarai: gonar da ruwan sama ya shayar, in amfaninta ya kai nisabi, ana fitar da ɗaya bisa goma. Sai ya zauna a zaure yana ƙirga dammunan zakkar da za a kawo masa, waɗanda ko irinsu ba a shuka ba, yana cika rumbu a zuci. Burinsa ne ya yi wa rawani, ya kira shi tawakkali.

Yanzu dubi maƙwabcinsa. A ƙasashen Daura da Maraɗi da Damagaram, manomi kan yi binne tun ruwa bai sauka ba. Ya ga shamuwa ta dawo ta yi sheƙa, ya ji iskar bazara ta juyo da laima, wataƙila ya saurari hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet a rediyo. Sai ya saɓa sungumi, yana sara a busasshiyar ƙasa, yara na biye suna zuba gero suna rufewa da diddige. Wannan lissafi ne, wanda aka gina kan abin da ido ya gani shekara da shekaru. Shi ma yana kuskurewa. Ruwa kan yi sauka ɗaya, iri ya tsiro, sannan sama ta ɗauke mako uku, shukar ta ƙone. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa buƙatar a ba su labari.

To ina imani a nan? Masu cewa ai shi ma wani salon zato ne game da gobe, ina ganin ba su lura da inda yake tsayawa ba. Mai buri da mai lissafi duk idonsu na kan kaka. In kaka ba ta yi kyau ba, zancensu ya rushe. Imani kuwa bai taɓa yi wa manomi alkawarin ruwa ranar kaza ba. Da ya ce "in Allah ya yarda", ya riga ya amince cewa abin zai iya ƙin yiwuwa, kuma hakan ba zai raba shi da Ubangijinsa ba. Shi ya sa a hadisin da Tirmizi ya ruwaito aka umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara.

Ranar da shukar ta ƙone, manomin nan yakan bi jama'a filin idi roƙon ruwa. In ya dawo, sai ya ce wa uwargida ta kwance masa ƙullin irin da ya rage.